Ɗauri Uku a Ƙafafun Inna

Inna ce mai wankan gawar mata a unguwarmu cikin Birni, tun kafin a haife ni. Ba sana'a ba ce, gado ne ta karɓa daga wata gwaggonta. Idan mace ta rasu, kafin a sanar a masallaci an riga an aiko gidanmu. Sai ta ɗauki ƙwaryarta da ƙullin ganyen magarya da ɗan kafur, ta yafa mayafi ta fita. In ta dawo ta yi wanka, ta hau tuƙa tuwo kamar daga kasuwa take.

Ni kuwa ranar ba na cin tuwon nan. In karɓi akushina in zagaya bayan ɗaki, in zuba wa akuya, in dawo ina lashe baki na ƙarya. Tsoron hannuwanta nake yi. Hannuwa ne siraran gaske masu sanyi, kuma duk wankin da za ta yi musu ni ina jin ƙamshin kafur a jikinsu. Abin ya zo mini da sauƙi ta wani gefen, don ni ce 'yar fari, kuma Inna mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce ke, ko waccan. Da aka yaye ni aka kai ni wajen kakata a ƙauyen Dogo, ban dawo ba sai da na isa shiga lakwal, wato makarantar boko. Saboda haka ba ta taɓa ni, ni ma ba na taɓa ta, kowa yana yaba mana tarbiyya. An ce tsoro na daji, kunya ta gida. Ni duka biyun a gida na same su, na ɓoye ɗaya a cikin ɗaya har na yi aure na haihu na zama malamar lakwal.

Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin lungu, inda adaidaita ke iya tsayawa saboda rairayi, akwai dakali uku a jikin gidajen maƙwabta. Ban taɓa ƙirga su ba sai shekarar da Inna ta fara zama a kansu. Da fari a na ukun take hutawa, tana cewa gaisawa ta tsaya yi. Daga baya ta koma zama a na biyu da na uku. Da bazara ta shigo, ko na farkon ba ta wucewa sai ta zauna ta dafe ƙirji, ta ce wani abu ya danne ta kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Dama tana da suga da tansiyo, wato hawan jini, tana shan magani in ta ga dama.

Ƙanena ne ya matsa muka kai ta wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a sabuwar unguwa, wajen wani lokotoron zuciya da bai daɗe da dawowa gida daga ƙasar waje ba. Ya yi awo iri-iri, ya sa an duba jijiyoyin ƙafafunta ko akwai gudan jini, ba a samu ba. Sannan ya zaunar da mu ya ce hanyoyin da ke shayar da zuciyar kanta sun ƙuntata, shi ya sa in Inna ta yi tafiya zuciyar ke kukan ƙishi. Da shekarunta da sugarta, bai ba da shawarar a yi mata aiki ba. Amma yana da wani inji a ɗakin baya. Ana naɗe ƙafafun mutum da maɗaurai irin na awon tansiyo, sai dai manya. Injin yana sauraron zuciya, in ta huta tsakanin bugu da bugu sai ya hura maɗauran daga ƙasa zuwa sama, ya koro jini ya koma wajenta, ya saki kafin ta sake bugawa. Awa ɗaya kullum, kwana biyar a mako, har mako bakwai. Ya ce ba zai yi mana ƙaryar warkewa ba, magani kuma ba za a daina ba, amma yana fatan ta samu sauƙin ciwon ƙirji da ƙarfin tafiya.

Duk bayanin nan Inna bango take kallo. Da ya gama ta tambaye shi ɗaurin guda nawa ne. Ya ce uku a jere, ɗaya a ƙwauri, ɗaya a cinya, ɗaya a ƙugu. Ta ce uku, ta gyaɗa kai. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar farko malamar asibitin, wata yarinya mai fara'a da ba ta wuce sa'ar ɗiyata ba, ta ba Inna wani wando mai kama jiki ta sa a ƙarƙashin zane, ta tura ta kewaye tukuna don ba a tashi in an fara. Muka shiga ɗakin. Gado ne siriri, an shimfiɗa maɗauran a buɗe a kansa, da tiyo-tiyo suna fitowa ta ƙasa. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallonsa. Ta hau ta kwanta rigingine da kanta, ta miƙe ƙafafu ta haɗa su, ta ajiye hannuwa a gefe. Da na ga kwanciyar na kawar da kai. Yarinyar ta manna mata wayoyi a ƙirji, ta maƙala mata wani abu a yatsa, amma tana kai hannu ga ƙafa Inna ta janye.

"'Yata, ba raini ba ne," in ji ta. "Baƙuwa ba za ta ɗaure ni ba. Ga waccan nan tsaye, ki nuna mata."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce ban iya ba, na ce ni alli na sani ba aikin likita ba. Inna ta ce to a ba ta mayafinta ta koma gida. Na san halinta, in ta ce za ta tafi ko sama da ƙasa za su haɗe sai ta tafi. Aka kira lokotoro, ya yi ɗan tunani, ya ce ba laifi in dai malama za ta duba bayan na gama. Haka na kama ƙafar mahaifiyata a karo na farko a rayuwata, ina da shekara arba'in da wani abu. Ƙwaurinta bai fi damtsena ba. Na naɗe, yarinyar ta bi baya ta ja kowane maɗauri ta ƙara matsewa sosai, ta manne.

Da aka kunna injin na kusa fita da gudu. Dum, dum, dum, kamar ana daka a ɗakin, kuma da kowane bugu jikin Inna gaba ɗaya yake zabura a kan gadon. Malamar ta ce kada in damu, haka yake, kuma wannan bugun da nake ji ba na injin ba ne shi kaɗai, zuciyar Inna yake bi. Da nufin kwantar mini da hankali ta faɗa, amma da ta sani da ba ta faɗa ba. Tun daga lokacin na san cewa abin da nake ji a kunnena zuciyar uwata ce aka fito da ita fili. Wani lokaci zuciyar takan yi ɗan tuntuɓe, sai injin ya tsallake bugu ɗaya. Shirun bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma a cikinsa nakan mutu in dawo. Awa guda na yi a kan kujerar roba ina ƙirga bugu, na jiƙe sharkaf da gumi.

Muka kama zuwa kullum da hantsi. Na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini aji, in biya Birni in ɗauko Inna, mu bi dakalin nan ɗaya bayan ɗaya har bakin lungu. A ɗakin kuwa Inna ta kafa dokokinta. In yi bisimilla kafin in taɓa ta. In fara da ƙafar dama. In lulluɓe ta da zane tukuna, in yi aikin ta ƙarƙashinsa ba tare da na leƙa ba. Kada in yi surutu, kada in ɗaga ƙafa da ƙarfi, in tallabe ta ta dunduniya. In na yi kuskure ta ce in warware in sake. Na ɗauka tsufa ne da son mulki, na ce a raina wannan tsohuwa ko a gadon asibiti sai ta yi sarauta. Malamar ma dariya take yi, tana cewa Inna ta fi lokotoro tsari.

Doka ɗaya ce ba a faɗa a gaban malamar. In ta gama matse maɗauran ta juya wajen allon injin tana latse-latse, sai Inna ta taɓa ni da yatsan ƙafa, ta ce a hankali, sassauta. Na ce ai an ce a matse. Ta ce ba a matse wanda ke kwance, yana jin ciwo ko bai faɗa ba, a bar wurin da yatsu biyu za su shiga. To ni da nake ganin yadda abin ke jijjiga ta, dama tausayi ya cika ni. Sai in sa hannu ƙarƙashin zane in ɗan ɗaga mannen in mayar, ina tari don kada a ji ƙararsa. Ina jin daɗi ma, ina ganin a karo na farko ni da Inna muna da wani sirri namu. Sau biyu malamar ta dubi allo ta ce layin bai tashi yadda take so ba, ta zo ta sake matsewa. Kashegari muka koma halinmu.

A mako na biyu aka yi abin da har yau ban manta ba. Ana tsakiyar zafi, ina zaune ina ƙirga bugu kamar kullum, sai ɗakin ya yi tsit. Na jira bugu na gaba bai zo ba. Na jira na bayansa. Na dubi Inna, idonta a rufe, hannuwa a gefe, ba ta motsi. Ban san lokacin da na tashi ba, sai ji na yi na rungume ƙafafunta ina jijjigawa ina kiran Inna, Inna, da muryar da ban san ina da ita ba. Ta bar ni na yi kira ya kai huɗu kafin ta buɗe ido.

"Kuran ne aka ɗauke, ke. Dubi fanka." Na ɗaga kai, fanka ta tsaya, ba wutar lantarki. Ta ci gaba da cewa, "Da a ce da gaske ne, haka za ki yi? Ihu a kan mutum? Salati ake yi, a shafe ido, a ɗaure haɓa tun jiki bai sandare ba."

Na ji haushi ƙwarai, na ce mata wannan wace irin magana ce a asibiti. Ta ce magana ce irin ta mutane. Aka tada janareto, injin ya ci gaba da dakansa, ni kuma na koma kujerata. Ko a nan ban gane ba. Mai digiri a ƙirga bugu, amma abin da ke gaban hancina ya gagare ni.

Ranar Alhamis ta mako na uku, mun dawo gida ina taya ta cire wandon nan, sai na ji ya manne a bayan gwiwarta ta dama. Na ja a hankali ya taso da fata. Wurin ya saluɓe kamar faɗin tafin jariri, ja wur, gefensa da ƙuraje masu ruwa. A hagu ma ya fara. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce ita ba ta ji komai ba, dama ƙafafun sun daɗe ba sa gaya mata gaskiya. Ta ce in ɗora ruwa, kada ya yi zafi kada ya yi sanyi, in gwada da gwiwar hannu. Ta ce in buɗe ƙwaryar da ke rataye in ɗebo ganye in murza a ciki. Na yi duk yadda ta ce, ina sauri, hankalina yana kan ciwon. Ruwan ya yi kumfa. Na durƙusa gabanta da ƙoƙo a hannu, ta ce dama tukuna, sau uku, in kuma bai fita ba sau biyar.

A nan ƙamshin ya doki hancina. Ganyen magarya ne, kuma ƙwaryar ta riƙe kafur na shekara da shekaru. Na dubi ƙoƙon, na dubi zanen da na lulluɓa mata a cinya ba tare da ta ce ba, don hannuna ya riga ya saba. Bisimilla, dama tukuna, aiki ta ƙarƙashin zane, ba surutu, ɗauri uku, kada a matse. Duk unguwa an san likkafani wuri uku ake ɗaure shi da ƙyallen da aka yaga daga jikinsa, ni ma na sani, amma ban taɓa yarda tunanina ya tsaya a kai ba. Ashe mako biyu da rabi Inna tana kwanciya mini gawa ina koyo. Na ajiye ƙoƙon na fita bayan ɗaki, daidai inda nake zuba wa akuya tuwo, na yi amai.

Kashegari lokotoro ya ga ciwon ya ɓata rai. Ya ce maɗauri in ya yi sako-sako gogar fata yake yi da kowane bugu, a awa ɗaya sau dubbai, kuma matsin ba ya kai jinin inda ake so, wato an sha wuya ba a ci riba ba. Ya juya kan malamar zai yi mata faɗa, na ce ba ita ba ce, ni ce nake sassautawa in ta juya baya. Yarinyar ta dube ni, kallon da ta yi mini ya fi zagi ciwo. Ya ce an dakatar da injin sai fata ta warke sarai, kuma ciwo a ƙafar mai suga ba abin wasa ba ne, in ya ci ciki ba maganar inji kuma, wata maganar za a shiga. Ya hana ganye, ya hana toka, ya hana duk abin da maƙwabta za su kawo. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma idon ba nawa ba.

Kwana goma sha biyu muka yi muna zuwa wankin ciwo. Kullum in aka warware bandeji sai na riƙe numfashi, ina duba ko jan ya faɗaɗa, ina sunsuna iska ko zan ji wari. Ba na yi wa Inna magana sai ta dole, ita ma ba ta neme ni da ita ba. A kwana na biyar, a dakali na biyu, ciwon ƙirjin ya taso mata da ƙarfi. Leɓɓanta suka yi fari, gumi ya karyo mata, na tura mata ƙwayar ciwon ƙirji da lokotoro ya ba ta ƙarƙashin harshe ina karanto duk abin da ya zo bakina. Mata suna wucewa suna yi mana sannu. Na tsaya a kanta a cikin rana ina tunani ɗaya, cewa in ta tafi yanzu ni na kashe ta da yatsu biyu.

A makon ne tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli a bayan gidanmu ta rasu, ƙawar Inna tun suna 'yan mata. Aka aiko kamar yadda aka saba. Inna ta tashi ta ɗauki ƙwarya, ta yafa mayafi, ta kai zaure, sai ta zauna a ƙasa. Ta yi ta ƙoƙarin tashi abin ya ƙi. Daga ƙarshe aka ɗauko wata mata daga unguwar Zango. Da yamma labari ya iso mana cewa matar da ruwan randa mai sanyi ta yi wankan, kuma tun ba a dawo daga maƙabarta ba tana ba da labarin yadda ta ga jikin marigayiyar ya rame. Inna ta kwanta a gadonta. Ta juya fuska bango, na ga kafaɗunta suna motsi. Ban taɓa ganin kukanta ba, ko ranar da mahaifinmu ya rasu.

Na zauna a bakin gadonta. Fushin da na kwana bakwai ina dafawa ya fito, amma ba da ƙarfin da na shirya ba. Na ce mata ta mai da ni ɗalibar wankan gawa ban sani ba, ta sa na lalata mata magani da hannuna, ta sa ina ɗaure uwata kamar wadda ta mutu alhali ni rayuwarta nake nema. Ta juyo ta dube ni.

"Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji ta. "Matan da na wanke a unguwar nan ban san iyakarsu ba, ba wadda wani ya ji sirrinta a bakina. Kin ji abin da aka yi wa ƙawata yau. Ni wa zai rufa mini? In na ce zo ki koya, Dogo za ki gudu. Kina tsammani ban san tuwon da akuyata ta ci ba?"

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Shekara talatin da ɗoriya ina ganin na yi wayo, ashe tana tuƙawa tana zuba mini, tana kallona ina zagayawa, ba ta taɓa cewa komai ba. Na matsa kusa da ita. Na kama hannunta, wannan hannun dai, na riƙe. Yana da sanyi kamar yadda nake zato, kuma tsoro bai sake ni ba, amma ban saki ba.

Na ce mata zan koya, duka, daga farko har ƙarshe, a gida, da rana tsaka, da sanina. Amma da sharaɗi. A ɗakin injin ba ta da doka ko ɗaya, yadda malama ta ce haka za a yi. Ta ce yanzu ni ce mai gindaya mata sharaɗi? Na ce ni ce. Ta ce lakwal ta gama lalata 'ya'yan mutane, ta janye hannunta ta gyara ɗankwali. A wajen Inna wannan amincewa ce.

Allah ya taimake mu fatar ta rufe. Ranar da muka koma na ba malamar haƙuri a gaban Inna, ta ce ya wuce, amma ta ja kujera ta zauna inda take ganin hannuna, kuma ban ga laifinta ba. Ta sa auduga mai laushi a bayan gwiwoyin. Na ɗauki maɗaurin farko, da gangan na fara da hagu. Inna ta buɗe baki, ta tuna, ta rufe. Na naɗe na ja da duk ƙarfina har sai da yarinyar ta ce ya isa. Na ja na biyu, na ja na uku.

"Wash. Ke, kin matse ni."

"Mai rai nake ɗaurewa, Inna."

Ta mai da ido rufi. Aka kunna, dakan ya tashi, malamar ta nuna mini layin a allo ya yi tsalle sama yadda bai taɓa yi ba. Na koma kujerata na ci gaba da ƙirga. Tsoron shirun nan tsakanin bugu bai ragu ba ko kaɗan har ranar ƙarshe, na dai koyi zama da shi.

Mun cika kwanakin har da ƙarin waɗanda muka ɓata. Ba zan ce Inna ta koma yarinya ba. Tana shan magungunanta, yanzu ni ke ƙirga mata su, ƙwayar ƙarƙashin harshe kuma tana ƙulle a bakin zanenta. Amma takan kai bakin lungu da zama ɗaya, ranar da ta tashi da ƙarfi ma ta wuce dakalin uku tana yi musu kallon raini. Ni kuma na cika alkawari. Da la'asar takan naɗe tabarma ta lulluɓa mata zane a tsakar ɗaki a madadin gawa, in durƙusa in yi ta yi tana gyara mini. Sau biyu na bi ta gidan rasuwa. Na farko buta kawai na riƙe. Na biyu ita ta riƙe butar. Da muka dawo ta tuƙa tuwo, na zauna gabanta na cinye, tana kallona ta gefen ido.

Bayan wannan ne ta buɗe adakarta ta fito da wani ƙulli ta miƙo mini. Farin yadi ne, an yanka an ninke, ga ƙyalle uku a sama da ta yaga da hannunta. Ta ce in ajiye a wajena, gidanta akwai gara. Yana can saman kabad ɗina a bayan barguna, kuma ko ban duba ba na san inda yake kamar yadda harshe ya san haƙorin da ke ciwo.

Kullum da safe kafin in wuce lakwal sai na biya Birni. In na shiga zaure ba na yin sallama nan da nan. Nakan tsaya in kasa kunne tukuna, in ji ƙarar buta, ko tarinta, ko faɗan da take yi wa akuya. In na ji sai in saki numfashi in shiga. Shekaranjiya na tsaya ban ji komai ba. Na ƙirga goma, na ƙirga ashirin, gidan tsit kamar ranar da aka ɗauke kuran. Ban yi ihu ba, salati na ji bakina yana yi. Can sai murfin tukunya ya faɗi a madafa, muryarta ta biyo baya tana cewa ke ce a nan, shigo mana.

Na ce ni ce. Na dubi jikina kafin in ɗaga labule, sai na ga na riga na ajiye jakata a ƙasa, na naɗe hannun rigata na dama har gwiwar hannu kamar mai shirin gwada ruwan wanka.